Jakar Paris a Lefen Nafi'u

Ba zan taɓa mantawa da wata 'yar jaka ruwan ƙasa mai igiyar sarƙa ba, ko da na so in manta, domin Goggo Asabe ta ɗaura aniyar ba za ta bari ba. Ko makon jiya sai da ta ratayo ta zuwa suna a gidan maƙwabtanmu, ta zauna daidai inda idona zai riƙa sauka, ta zuge zif a hankali, ta ciro goro ta ɓantara. Ba ta ce mini uffan ba. Ai ba sai ta ce ba.

Bari in faro daga tushe. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu (shi ya sa har yau Inna ba ta kama sunana, sai dai "ke" ko "waccan"), kuma ni ce na yi karatu har Sakkwato na dawo da takarda. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Illela. Gidanmu gidan kasuwa ne, kowa da abin da yake tsallaka iyaka da shi, ni kuwa abin da na fi kowa shi ne waya. Bidiyon yadda ake gane jakar jabu na kalle shi ya fi a ƙirga, har na zama malamar mata a fannin. Duk wadda ta sayi jaka sai ta kawo mini dubiya. In ɗaga, in shinshina, in ja zif, in yamutsa fuska in ce, "Jabu." Kuma ban taɓa kuskure ba, tunda duk jakar da ke garin nan jabu ce. Tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba ita ce, ni ɗin na taɓa riƙe ta ƙwarai a hannuna? Ban taɓa ba. A hoto kawai na san ta.

To, sai ƙanena Nafi'u, mai fataucin albasa, ya ga yarinya a Ƙonni. Sunanta Zalika. Ƙonni dai ga ta nan, ka hau kabu-kabu ka tsallaka kafin shayinka ya huce, amma wata ƙasa ce, kuma dangin yarinyar manyan 'yan kasuwa ne masu ɗauko kaya daga Kwatano da Lome. Ranar da muka je gaisuwa, wata mata a gidan ta dubi mayafin Inna sama da ƙasa, ta yi murmushi, ta ce, "Allah sarki, mutanen naira. Ana haƙuri." Inna ta ce alhamdulillahi. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Wai don kuɗinsu sefa ta hau naira ta sauka shi ne za a riƙa yi mana jaje kamar an yi mana gobara?

Kun san lefe, jarrabawar dangin ango ce. A baje kaya gaban mata, a ɗaga ɗaya bayan ɗaya, a murza, a auna da hannu, kafin magariba labari ya zaga gari. Namu kuwa gari biyu zai zaga, ƙasa biyu. A gidanmu Goggo Asabe, ƙanwar Baba, ita ke haɗa lefen kowane namiji tun ba a haife ni ba. Tsarinta guda ne, ba ya canzawa: atamfa kan atamfa, har sai babban akwati ya gagari mutum ɗaya ɗauka. Ni kuwa na tasa Inna a gaba da surutu, safe da yamma, cewa zamani ya wuce nan.

Na ce, "Inna, mutanen ga atamfa sun ƙoshi da ita, su ka saida ta. Abin da ba su da shi za mu kai masu."

Inna ta ce, "Ke dai kina da baki. Goggonku hwa?"

"Goggo ta huta hakanan, ta yi ma wasu."

Da na ishi Inna, ta sallama. Nafi'u ya kawo abin da ya tara na kakar albasa guda, ya damƙa mini, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce, "Yaya, ni dai kar a rena mu. Shi kaɗai na roƙona." Na ce ya je ya kwanta da kunnuwansa biyu, magana ta zo hannun masu ita. Goggo da labari ya kai mata ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "To, Malama, Allah shi bada sa'a." (Duk lokacin da Goggo ta kira ni Malama, na san ba girmamawa ba ce.)

A wannan tsakanin ne na faɗa wani shafi da ake gwanjon jakunkuna kai tsaye a waya. Mai shafin tana kiran kanta Madam Paris. Ba ta nuna fuska, hannuwanta kawai ake gani a kan farin ƙyalle, da zobe mai koren dutse a babban yatsa. Tana magana ta hanci, Faransanci da gutsattsarin Hausa, wai ta daɗe a Turai harshe ya karye. Tana da wata ɗabi'a: in ta ɗaga jaka sai ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta kifa ta, ta ƙwanƙwasa gindin da farce, ƙwas ƙwas. Daga nan sai a fara tayi a rubuce, kowa na ƙara wa na gabansa, wadda ta fi ƙarfi ta ɗauka. Ni ma ban shiga da sunana ba. Wa zai saurari 'yar Illela a gwanjon Paris? Na raɗa wa kaina Gimbiyar Abuja.

Ranar da ta fito da jakar, da la'asar ne, ina tsaye jikin katangar bayan gida inda sabis ya fi kamawa. Ta ce wannan guda ɗaya ce, ta wata babbar mace ce da ta riƙe ta sau ɗaya ta gaji. Na matso da waya har hancina na taɓa gilashi. Ɗinki a miƙe. Tambari a tsakiya. Sarƙa tana ƙyalli. Duk abin da bidiyo ya koya mini na gani, ko in ce na ga abin da nake son gani.

Yanzu ga inda nake jin haushin kaina. Ana cikin tayi sai na ji jaki ya ɓarke da kuka a cikin wayar. Jaki dai da kuka sani, mai shiɗewa yana dawowa. Na ɗaga kai na duba bayan katanga, babu jaki a unguwarmu a lokacin. Kun san abin da na gaya wa kaina? Na ce ai Turawa ma suna kiwo. Ba a jima ba kuma ladan ya kira salla a cikin wayar, daidai lokacin da na masallacin unguwarmu ya ɗauka. Na ce ma sha Allah, Musulunci ya yi ƙarfi a Paris. Mace mai takarda, mai koyar da 'ya'yan mutane!

Abin da ya hana ni tunani wata ce mai suna Maman Sultan. Duk tayin da na yi sai ta ɗora kaɗan a kai. In ƙara, ta ƙara. In ƙara, ta ƙara, har da ɗan hoton dariya. Sauran mata duk suka janye suka bar mu mu biyu, suna zuga. Raina ya ɓaci, na manta da Nafi'u, na manta da albasa, na manta akwai babban akwati da ke jiran a cika shi. Na rubuta mata, "Wadda ba ta da ƙarfi ta koma kasuwar Lahadi ta sayi ta roba." Sannan na buga tayin da ya kashe bakin kowa. Madam Paris ta tafa hannuwan nan nata ta ce, "Gimbiyar Abuja ta ɗauka!" Wallahi sai da na yi 'yar rawa ni kaɗai a bayan gida, akuyar Inna na kallona.

Da aka zo maganar aikowa, kunya ta hana ni cewa Illela. Na ce zan je biki Sakkwato, a kai wa wata ƙawata a can. Na jira har na fara ramewa, aka ce jirgi ya sauka, na hau mota na je na karɓo na dawo da ita a kan cinya. Na kulle ɗaki na yi mata duk gwaje-gwajena. Na shinshina, na ji wani wari-wari, na ce haka fatar Turai take. Na ɗiga ruwa ya gangare, na ce alamar ta ƙwarai ke nan (leda ma ai haka take yi, amma wa ya tambaye ni). Da abin da ya rage na sayi takalma da mayafai da kayan shafa da 'yan atamfofi da leshi, na shimfiɗa su a babban akwati ina bubbuɗa su don su yi auki. Duk da haka in ka duba kana hango gindin akwatin ta gefe.

Ana jibi za a kai kaya Goggo ta zo gani. Na miƙa mata jakar da hannu biyu. Ta riƙe ta da yatsu kamar an ba ta ɓera.

"Mi za a sa ciki? Wagga ko goro hamsin ba ta ɗauka."

Na ce, "Goggo, ba a sa mata kaya. Riƙe ta aka yi a gani."

Ta ajiye, ta je ta kama hannun babban akwati ta ɗaga da hannu ɗaya, ya taso mata sakayau. Ta dube ni. "Malama, akwatin ga azumi shikai?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, cewa jakar nan kaɗai ta fi akwati cike da atamfa, cewa a kit, ɗan ƙaramin akwatin da ake fara buɗewa, zan sa ta, da zarar sun gan ta idonsu zai rufe, ba wanda zai kula da sauran. Ta saurare ni har na gama. Ta ce a kai akwatunan ɗakinta su kwana, ita za ta tofa musu addu'a kamar yadda ta saba. Na ce a kai, a raina ina cewa tsofaffi da son a ce da su aka yi.

Ranar kai kaya muka cika mota biyu, ni da Goggo da matan kawunnai da 'yan uwan Inna daga Tozai. Samari suka loda akwatuna, ban ko leƙa ba, hankalina na kan kit ɗin da na rungume. Muka tsallaka, aka tarbe mu da guɗa, aka shimfiɗa mana darduma a babban falo. Mata sun cika maƙil, har da kakar amarya, wata tsohuwa mai nauyin kunne da aka jingina wa matashi a kusurwa. Aka sha ruwa, aka yi addu'a. Sai aka ce a kira Tanti Rakiya, ƙanwar uwar amarya, ita ce mai buɗe kaya a gidan. Ta fito, doguwa, fara'a har kunne, tana gaishe mu da Hausar Ƙonni tsantsa. Ban taɓa ganinta ba.

A al'ada masu kawo lefe zama suke yi su yi shiru, kaya su yi magana. Goggo ta ja mini kunne a mota. Amma da Tanti ta buɗe kit, ta zare rigar matashin da na naɗe jakar a ciki, sai na ji falon ya yi tsit. Na ga mata suna kallon juna. Na ga wata ta sa mayafi ta rufe baki. Na ce a raina, yawwa, ta kama su! Mutanen naira ko? Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Goggo ta ja mini zane, na fizge.

Har harshe na juya, na koma Hausar rediyo. Na ce, "Jama'a, a yi mini afuwa, wannan jaka tana bukatar bayani, saboda ba irin wadda aka saba gani ba ce a nan yankin. Daga Paris ta zo, ta jirgi. Gwanjonta aka yi, na kayar da manyan mata kafin in same ta. Guda ɗaya ce." Na karɓe ta daga hannun Tanti na shiga darasi. Na nuna musu ɗinki. Na nuna musu tambari. Na zuge zif na ce su saurari ƙararsa, na jabu kuka yake yi, wannan kuwa waƙa yake. Har na ce, Allah ya yafe mini, "Yanzu jabu ta cika kasuwa, musamman kayan da ake shigowa da su ta Kwatano. Sai mai ido." A gidan masu ɗauko kaya daga Kwatano na faɗi haka, a kan dardumarsu, da ruwansu a cikina.

Na mayar wa Tanti jakar ina haki. Ta karɓa ba ta dube ni ba. Kuma da yake hannu ba ya manta abin da ya saba, sai ta ɗaga ta, ta juya dama, ta juya hagu, ta kifa ta, ta ƙwanƙwasa gindin da farce. Ƙwas ƙwas.

Na dubi babban yatsanta. Zobe mai koren dutse.

A daidai wannan lokacin, kamar an aiko shi, wani jaki a bayan katangar gidan ya ɓarke da kuka. Na gane muryarsa. Wallahi na gane ta.

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah, domin Tanti ta yi niyyar rufa mini asiri, ko in ce ta rufa wa kanta. Ta yi sauri za ta tura jakar ƙarƙashin mayafai. Amma kakar amarya ta miƙo wuya daga kusurwa, ta yi magana da irin muryar masu nauyin kunne, wadda ake ji har zaure.

"Rakiya! Wagga ba irin na kwalin ga na ɗaki ba ta? Waɗanda munka cika da sahe?"

Tanti ta ce wa tsohuwar, "Inna, ki bari."

"Mi? Na ce ba irinsu ba ta? Ke, ɗauko guda mu gani!"

Wata budurwa ta tashi tana rangaji don dariyar da take dannewa, ta shiga ɗaki ta fito da jaka. Ruwan ƙasa. Igiyar sarƙa. Tambari a tsakiya. Cikinta ya kumbura, zif bai rufu ba, dubulan na leƙowa ta baki. Ashe tukuicin da za a ba mu ne, mu masu kawo lefe. Tanti ta kawo kwali guda daga Kwatano, ta yi gwanjon abin da ya yi gwanjuwa, sauran da suka yi kwantai aka ce a zuba cincin da dubulan a raba wa baƙi. Tsohuwa ta karɓi biyun ta jera a cinya, ta kalli wannan ta kalli waccan, ta ce, "To wace ta ta Paris ɗin?" Aka tura mini su. Ni malamar gane jabu, na duba, na sake dubawa. Ba don dubulan ba da ban iya rabe su ba.

Falon ya fashe. Ba dariyar mugunta ba ce, ta fi haka ciwo, irin wadda mutum ke yi yana ba ka haƙuri yana share hawaye. Matan kawunnaina suka sunkuyar da kai. Tanti kuwa, tunda asiri ya riga ya tonu, ta dafa ƙirji ta zaro ido ta ce, "Wai tsaya. Ke ta Gimbiyar Abuja?"

Na ce, "Ke ta Madam Paris?"

Ta ce, "La ilaha illallahu! Ni da nib ba direba ita ya kai Sakkwato! Ashe ta ƙohwar gidanku yab bi da ita!"

Na zauna.  Kunya ta rufe ni, amma abin da ya fi kunya shi ne tsoro, domin na tuna da babban akwati. Yanzu za a buɗe shi a ga gindinsa. Jakar da na ce za ta rufe musu ido ta buɗe shi tar. Kafin magariba za a ce dangin Nafi'u sun kawo lefen iska da jakar cincin. Yaron nan abu ɗaya ya roƙe ni. Na ji hawaye na taruwa, na ƙura wa dardumar ido ina roƙon ƙasa ta tsage.

Aka gama da ƙananan akwatuna, aka zo kan babba. Budurwar nan ta kama za ta jawo shi, ya ƙi motsi. Sai da wata ta kama mata. Na ɗago kai. Tanti ta zuge, murfi ya ɗaga da kansa don cika, ƙanshin kafur ya bugi falon.

Atamfofi ne, turmi kan turmi, har baki. Ba nawa ba ne. Tsofaffin zane ne na ƙwarai, irin waɗanda aka daina yi, ko ninkinsu ba a taɓa warwarewa ba. Na san su. Tun ina yarinya nake ganin Goggo tana fito da su daga adakarta sau ɗaya a shekara, ta shanya a inuwa, ta mayar. Ajiyarta ce ta tsawon rai, wadda ko 'ya'yanta ba ta bari su taɓa. Dariya ta ɗauke. Matan Ƙonni, da suka san zane kamar yunwar cikinsu, suka matso suna murzawa. Matar nan mai jajen naira ta ɗaga wani turmi ta kai hanci, ta ce, "Wanga ko Kwatano babu shi yanzu." Tsohuwa ta rangaɗa guɗa da 'yar muryarta, sauran suka amsa. Na waiga na dubi Goggo. Tana zaune tana tauna goro tana kallon silin, kamar ba da ita ake ba.

Da za mu tafi aka kawo tukuici. Kowace mace jaka guda. Har da ni. Na so in ƙi karɓa, Goggo ta ce ƙasa-ƙasa, "Amshi, ba a maida tukuici." Haka muka tsallako iyaka, mota biyu cike da mata, kowace da jakar Paris a cinya, man dubulan yana naso.  Wata daga cikin 'yan Tozai ta zuge tata ta kasa kunne, ta ce, "Ai ko waƙa shikai." Motar ta kwashe, har direba.

Nafi'u na tsaye a ƙofar gida yana jiranmu, fuskarsa duk ta faɗa. Ya ce, "Goggo, lahiya? Yaya anka yi?" Na buɗe baki zan fara, Goggo ta riga ni.

"An amshi kaya da guɗa. Ba a rena ka ba. Yayarka ta yi ƙoƙari."

Ya yi ajiyar zuciya, ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya. A duk abin da ya same ni ranar, wannan godiyar ce ta fi yi mini zafi. Na shige ɗaki na yi kukana. Washegari na je wurin Goggo na durƙusa, na ce zan riƙa saya mata turmi-turmi daga albashina har in mayar. Ta ce, "Da wane ido za ki zaɓo su, Malama?" Sannan ta ce in tashi, zanen ai gidanmu zai dawo, a jikin matar ɗanta za ta gan shi, ya fi mata zaman adaka.

Kada ku ce abin ya ƙare da daɗi haka. Na nemi Tanti a waya kan ta dawo mini da wani abu, ta ce ita ba ta ɗora mini wuƙa ba, gwanjo ne, da yatsana na ƙara. Na ce ta ce daga Paris. Ta ce sunan shagonta ke nan. Na ce ta ce guda ɗaya ce. Ta ce guda ɗaya ce a hannunta a lokacin. Yanzu kuma surukarmu ce, ba dama in yi mata rashin kunya, duk taron da muka haɗu sai ta ƙwala mini kira daga nesa, "Gimbiya! Ya Abuja?" Mata sun daina kawo mini jaka dubiya. Ɗalibaina ma labari ya kai musu, ban san ta ina ba.

Bayan an kawo amarya da 'yan kwanaki, na shiga ɗakinta, ga jakar rataye a ƙusa. Zalika yarinya ce mai kunya, ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi ta murza bakin mayafi. Can ta ce, "Yaya, ki yahe mani. Ni ta Maman Sultan. Tanti ta ka ba ni waya ta ce in dinga ƙarawa. Ban san ke ta ba." Wato amaryar da na saya wa jakar ita ce ta yi ta tsauwala mini kuɗinta, kuma ita na tura kasuwar Lahadi ta sayi ta roba. Na dube ta, ta dube ni. Na ce ta tashi ta zuba mini ruwa, kaina ke ciwo.

Tawa jakar ta tukuici sarƙarta ta yi baƙi tun kafin damina, na jefa ta bayan gado. Ta Goggo ce ta ƙi mutuwa. Ta kai wa baduku ya sake mata igiya da jan fata, kuma ta tabbatar mini goro hamsin yana shiga har da wurin carbi. Abin da na koya dai ba shi da yawa. Wadda ba ta taɓa riƙe ta ƙwarai ba ta daina yi wa mutane darasin jabu, ta je ta tambayi mai adaka. Sannan in kina kallon gwanjo kai tsaye daga Paris kika ji jaki ya yi kuka, 'yar uwa, kashe wayar ki je ki yi sallar la'asar, jakin ya fi ki gaskiya.